Tambaya da Amsa: Yaya ake gane kayan jiragen yaƙi na asali daga na jabu?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni mai sha'awar tara kayan tarihi ne. Na ga wani dillali yana tallar ƙyallen jan yadi da bai wuce tafin hannu ba, yana cewa daga jikin jirgin shahararren matuƙin nan na Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Manfred von Richthofen, aka yanko shi, har ya haɗa da takardar shaida mai hatimi. Yana kuma da agogon auna nisan jirgi daga ƙasa, wanda ya ce na jirgin yaƙin Birtaniya ƙirar Spitfire ne da ya yi gumurzun sararin samaniyar Birtaniya a 1940. Ta yaya zan tabbatar kafin in zuba kuɗina?

Amsa: Muna amsawa, Malam, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka biya. Tambayoyi biyu ne a dunƙule cikin maganarka, kuma dillalai sun fi son kada mai saye ya raba su. Ta farko ita ce ko kayan na wancan zamani ne, ta biyu kuma ita ce ko daga jirgin da aka ambata ya fito. Gwaji yana iya amsa ta farko, amma ta biyu takardu ne kaɗai suke amsa ta, kuma a kanta ne ake ɗora yawancin kuɗin.

Labarin Richthofen gaskiya ne, abin da ya sa masu jabu suke ƙaunarsa ke nan. An harbo shi ranar 21 ga Afrilu, 1918, kusa da ƙauyen Vaux-sur-Somme a arewacin Faransa, a yankin da sojojin Ostareliya suke riƙe da shi, kuma ba a daɗe ba sojoji suka far wa jirgin nasa ƙirar Fokker mai fikafikai hawa uku, kowa ya yanki abin da zai kai gida. Injin yana gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum a Landan, sandar tuƙin kuma tana Australian War Memorial a Kanbera. Saboda haka akwai ƙyallaye na gaskiya a hannun jama'a, sai dai duk wanda ya sami tsohon yadi da jan fenti zai iya laƙaba masa wannan labari.

Idan ƙyallen ya zo hannunka, ka sa gilashi mai ƙara girma ka dube shi gaba da baya. Jiragen wancan lokaci yadin lilin ake rufa musu, a shafe shi da wani sinadari mai kama da banish wanda yake ɗaure shi ya yi tsauri, sannan fenti ya hau. Tsagewar da shekaru suka haifar takan bi fentin da sinadarin tare, ta tara dauɗa a cikinta, alhali wadda aka ƙirƙira ta hanyar lanƙwasa ƙyallen ko gasa shi takan fito fes. A ɗakin gwaji ana iya gano abin da aka haɗa fentin da shi: farin sinadarin titaniyom bai yaɗu a kasuwa ba sai a shekarun 1920, fentin akirilik kuwa sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Idan an haɗo da wasiƙar da aka ce tsohon soja ne ya rubuta, ka haska ta da fitilar nan da ake duba takardun kuɗi da ita, domin sinadaran ƙara wa takarda fari sun zama ruwan dare ne daga wajen 1950, kuma suna walƙiya da shuɗin haske. Irin wannan sinadari da zaren foliyesta suna cikin abin da ya tona asirin kundayen da aka jingina wa Hitler a 1983. Sai dai ka lura, yadi na asali ma yana iya walƙiya idan an taɓa wanke shi da garin sabulu na zamani.

Duk wannan gwaji yana iya kayar da kaya, amma ba ya tabbatar da shi, domin samun lilin mai shekara ɗari ba wuya. Abin da yake tabbatarwa shi ne silsilar hannayen da kayan ya bi, kamar yadda malaman hadisi suke bin isnadi: wane soja ne ya yanka, a wace runduna yake, shin takardun soja sun nuna rundunar tana wurin a ranar, wa ya gada, wa ya sayar wa wa. Takardar shaidar da dillali ya buga da kansa ba ta cikin wannan silsila komai kyan hatiminta, domin mai da'awa ne yake yi wa kansa shaida. A ganina, idan babu sunan sojan farko da za a iya bincika, ka haƙura da ƙyallen.

Agogon kuwa yana iya zama na asali sarai. Kayan sojan saman Birtaniya na lokacin suna ɗauke da tambarin kambi da haruffan A.M. na Ma'aikatar Sama, da lambar sito wadda ta na'urorin gaban matuƙi take farawa da 6A, sau da yawa har da shekarar ƙira. Matsalar ita ce agogo iri ɗaya ake ɗaura wa jirage daban-daban, ana musanya su lokacin gyara, wasu ma ba su taɓa barin sito ba. An ƙera Spitfire fiye da 20,000, saboda haka ka nemi lambar jirgin kansa, sannan ka gwada ta da katunan tarihin jirage da ke gidan tarihin RAF, wato sojan saman Birtaniya, a unguwar Hendon ta Landan, da littattafan ayyukan runduna da ke ma'adanar takardun ƙasa ta Birtaniya a unguwar Kew. Idan shekarar da ke jikin agogon ta wuce 1940, to agogon kansa bai ga wancan gumurzu ba. Idan kuma an ce daga tarkacen da aka tono a Birtaniya ya fito, ka nemi ganin lasisin Ma'aikatar Tsaro, domin dokar 1986 ta hana tono jirgin soja da ya faɗi ba tare da izini ba, kasancewar wasu wuraren kaburburan matuƙa ne. In babu waɗannan hujjoji, ka biya kuɗin agogon zamanin yaƙi kawai, kada ka biya kuɗin labarin.

Ina roƙonka kada ka buɗe gilashin agogon don dubawa. Lambobi da alluran irin waɗannan na'urori fentin radiyom aka shafa musu domin su haska da dare, kuma ko da hasken ya mutu, tururin nukiliya mai cutarwa da radiyom yake fitarwa yana nan, tunda sai bayan kimanin shekara 1,600 ƙarfinsa yake raguwa da rabi. Na'urar Geiger, mai auna irin wannan tururi, za ta nuna shi ta bayan gilashi, wanda hakan ma alama ce ta tsufan agogon, amma garin fentin da ya ɓarɓashe yana da haɗari idan aka shaƙe shi, don haka ka ajiye shi a rufe, nesa da ɗakin kwana da hannun yara.