Tambaya da Amsa: Wai har albashin mai bincike akwai iyaka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin jami'a ne, an saka sunana cikin wani furoje na bincike kan zazzaɓin cizon sauro, kuɗin daga NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, suke fitowa. Da na ga yawan kuɗin har na ce bana ginin nan nawa zai samu kwano, sai mai kula da kuɗin furojen ya ce mini wai akwai iyaka ga albashi, doka ce. Gaskiya ne ko dai wani ke son cin rabona? Daga mai karatunku, Ali Dan Sofo, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa kwanon ya hau. Dokar kam akwai ta, tun 1990 majalisar dokokin Amurka ta ɗora ta kan kuɗin NIH, kuma an ɗaure ta ne da albashin wasu manyan jami'an gwamnatinsu, in nasu ya ƙaru ita ma ta ɗaga. A 2024 iyakar dalar Amurka 221,900 ce a shekara, a 2025 ta koma 225,700. Dalar Amurka fa na ce, ba dalarmu ta kasuwa ba, in ka juya ta sefa ta haura miliyan 120.

Kuma ba hana mutum cin albashinsa take ba. A ce wani babban likita can yana ɗaukar 300,000, ya ba furoje kashi 20 cikin 100 na lokacinsa, to NIH ba za ta biya 60,000 ba, kashi 20 na iyakar za ta lissafa, wato 44,380 a lissafin 2024, cikon kuma jami'arsa ta nemo daga wata aljihun.

To kai Malam tsakani da Allah albashinka ya kai can? Ba wannan dokar ta kama ka ba, wata ƙa'ida ce ta daban wadda mutanenmu ba su cika sani ba: furoje na biyan wani kaso ne na albashin da ma'aikatarka ke ba ka tun asali, gwargwadon lokacin da ka ba aikin, ba a ƙirƙiro maka sabon albashi don an ga kuɗin Turawa sun shigo. Ni a ganina nan ne abin ke ciwo, don kai da abokin aikinka na can ku sha rana ɗaya a ƙauye kuna ɗibar jini amma ladan ya bambanta nesa ba kusa ba.

Kar ka yi saurin zargin mai kula da kuɗin furojen, mai yiwuwa ya haɗa dokokin biyu ne ya cakuɗa. Ka je ofishinsa da takardar albashinka ta wata, ka ce ya nuna maka kashi nawa na lokacinka aka rubuta cikin kontara, ku buga lissafin tare. Kuɗin tafiya da na kwana kuwa layinsu daban ne, ka duba ko an saka maka su.