Yawon bakin teku a Cape Town da tsohuwar mota

Malam, ka ce daga Ringim kake, za ka je birnin Cape Town na Afirka ta Kudu da uwargida, kana son ɗaukar hayar tsohuwar motar alfarma da direbanta ku zaga bakin teku, kana tambaya ko kuɗin ba zai tafi a banza ba. Ni dai na ce ka yi.

Ka nemi a bi da ku ta hanyar Chapman's Peak, tsakanin Hout Bay da Noordhoek. Kilomita 9 ce kacal, amma kwana 114 gare ta, dutse a gefe guda, teku can ƙasa a ɗaya gefen. Ga shi a hannun hagu suke tuƙi, wanda ya saba da miƙaƙƙen titin Dutse gara ya bar wa direba sitiyari, ya sha kallo.

Kada ka auna yanayinsu da namu. Yuni zuwa Agusta sanyi da ruwa suke yi, kuma akan rufe hanyar idan duwatsu na gangarowa. Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin zafinsu, duk da haka ku riƙe rigar sanyi, iskar wurin ba ta wasa, musamman a mota mai buɗaɗɗen sama.

Kafin ka biya, a rubuta maka awa nawa ne, kuɗin shiga hanyar na cikin farashin ko a'a, da abin da za su yi idan motar ta lalace, tsohuwa ce fa. Ka ce a tsaya Bo-Kaap, unguwar Musulmi, ku yi sallah a Masallacin Auwal, ku ci abincin halal.

Batun biza da inshora kuwa, ka nemi ejan mai rajista a Kano.