Tambayoyin Masu Karatu: Kuloci da Giyar Akori-kura

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo galibinsu daga masu akori-kura suke, waɗanda ke jigilar amfanin gona tsakanin ƙauyuka da kasuwannin Kano da Jigawa. Mun zaɓi uku da suka shafi kuloci da giya, domin su ne suka fi wahala a lokacin kaka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux mai giyar hannu, ina ɗaukar shinkafa daga Auyo zuwa kasuwar Gujungu. Kwanan nan giya ba ta shiga sai da ƙyar, musamman ta ɗaya da ribas, kuma tana gurzawa da ƙara. Wani makanike ya ce a sauke giyabos a sayo wani na hannu, kuɗin kuwa sai na sayar da sa. Ina neman shawara. Daga wani direba a Auyo, jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da sayar da san nan tukuna, domin alamun da ka zayyana sun fi kama da na kulocin da ba ya sakin inji gaba ɗaya, kuma akwai gwajin da za ka yi a ƙofar gidanka ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ka kashe mota, ka taka kuloci, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Idan duk suna shiga salin-alin, amma da ka tayar da inji suka koma gardama, to giyabos ɗinka ba shi ne mai laifi ba. Aikin kuloci shi ne ya raba inji da giya a duk lokacin da ka taka feda. Idan rabuwar ba ta cika ba, sandar da ke shiga giyabos tana ci gaba da juyawa, haƙoran kuwa ba za su haɗu cikin lumana ba. Ribas ce ke fara tona asiri saboda a yawancin tsofaffin giyabos ba ta da zoben tagullar nan da ke daidaita gudu kafin haƙora su kama juna.

Daga nan sai ka buɗe bonet ka duba ɗan kofin man kuloci da ke kusa da na birki. Man birki ake zuba masa, kuma a kan murfin Toyota za ka ga an rubuta DOT 3. Idan man ya yi ƙasa, akwai inda yake zuba. Ka sa hannu a bayan feda ta cikin mota, inda sandar masta ta sama, wato ɗan famfon da ke tura man kuloci, take shigowa, ka ji ko akwai danshi a jikin roba ko a kan kafet. Sannan ka shiga ƙarƙashin mota ka janye robar masta ta ƙasa da ke manne a gefen giyabos, domin sau da yawa a cikinta man yake taruwa ba ya ɗiga ƙasa. Wata alama kuma ita ce, idan ka taka feda a jere da sauri sai giya ta shiga, to iska ce a cikin bututu ko robobin masta sun gaji. Gyaran wannan shi ne a canza robobin ko mastar baki ɗaya, a fitar da iska, a zuba sabon mai daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Man birki yana shan danshin iska, saboda haka wanda aka ajiye a buɗe tun damina bai da amfani. Kada kuma wani ya zuba maka baƙin mai a nan don ya ga an matsu a daji, domin yana kumbura robobin ya kashe su.

Ka kuma auna wasan feda, wato ɗan sassaucin da hannu ke ji kafin feda ta fara nauyi. A irin waɗannan motoci milimita 5 zuwa 15 ake so. Idan ya zarce haka da yawa, taku ba ya kaiwa inda zai saki farantin kuloci. Sai an gama da duk waɗannan ne ake maganar sauke giyabos, kuma ko a lokacin abin da ake nema shi ne farantin da ya lanƙwashe, ko wanda tsatsa ta hana shi zamewa a kan sandarsa, ko ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar filawil, wato faifan ƙarfen bayan inji da farantin ke mannewa a jikinsa. Inda giya ɗaya tak ce ke gurzawa, misali ta biyu, sauran kuma lafiya lau, a nan ne zargi ke komawa kan zoben tagullarta, shi ma canza shi ake yi. Ban ga dalilin sayen giyabos na hannu da ba a san tarihinsa ba alhali ba a buɗe naka an gani ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, motata tana kai hatsi Dawanau daga ƙauyenmu. An canza mini farantin kuloci bayan ƙaramar salla, ga shi ya sake ƙonewa. Idan na taka totur inji yana kuka amma mota ba ta ƙara gudu, ga wari kamar na ƙonannen birki. Kayan ne jabu ko aikin ne bai yi ba? Daga wani mai mota a ƙaramar hukumar Bichi.

Amsa: Alhaji, kulocinka zamewa yake yi, kuma za ka iya tabbatarwa a fili inda babu mutane: ka ja birkin hannu, yaron mota ya sa weji, ka sa giya ta huɗu, ka saki kuloci a hankali da ɗan totur. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan take, wanda ya cinye kuwa zai bar shi yana aiki. Kada a maimaita gwajin, domin shi kansa yana cin faranti.

Jabun kaya suna nan a kasuwa, ba a musu, kuma idan za ka aika Ƙofar Ruwa gara ka nemi na kamfanonin da aka sani da wannan sana'a irin su Aisin da Exedy. Amma abin da na fi zargi shi ne faranti kaɗai aka canza aka mayar da tsohon murfin da ke danne shi. Sifirin ɗin wannan murfi yana sanyi idan ya sha zafi, kuma sabon faranti a ƙarƙashin murfin da ya gaji ba ya daɗewa. Tunda kuɗin aikin sauke giyabos ɗaya ne, a canza faranti da murfi da boris ɗin kuloci tare, a dubi fuskar filawil: idan ta yi shuɗi-shuɗi ko ta tsattsage, a kai ta a goge a injin gogar ƙarfe. Ka roƙi makanike ya nuna maka tsohon farantin. Idan ya cinye har kawunan ƙusoshinsa sun fito suna ƙyalli, gogayya ce ta gama da shi. Idan kuwa ya jiƙe da mai, to sil ɗin bayan inji ko na gaban giyabos ne ke yoyo, kuma duk farantin da aka sa zai bi sahun na baya muddin ba a toshe yoyon ba.

Saura maganar da masu mota ba sa son ji. Akori-kura irin wannan an ƙera ta ne don kayan da ba su wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu 10 na masara mai kilo 100, har da nauyin mutanen da ke zaune a kai. Kowa ya san abin da ake lafta mata ranar kasuwa. Idan aka haɗa wannan lodi da direban da ke tashi da giya ta biyu, yana ajiye ƙafa a kan feda yana tafiya, yana riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birki, ko yana yi mata totur a cikin yashi don ta fita, babu farantin da zai kai shekara. Ka zauna kusa da direbanka a tafiya ɗaya ka kalli ƙafarsa ta hagu.

Tambaya: Da damina mun riƙa ratsa ruwa a hanyar fadama wajen Ringim. Yanzu giyabos yana gunji ko mota na tsaye a firi, amma da na taka kuloci sai ya yi shiru. Mene ne wannan? Daga wani manomi a Ringim.

Amsa: Malam, ƙarar da ke ɗaukewa idan an taka kuloci daga cikin giyabos take fitowa, yawanci daga boris ɗin sandar gaba, wadda ke tasowa sai an taka kuwa ta boris ɗin kuloci ce. Giyabos yana da ƙaramar kafar shan iska a samansa, kuma idan ya shiga ruwa da zafinsa yakan zuƙo ruwa ta nan. Ka sa a kwance noti a ga man: idan ya koma kalar koko, ruwa ya shiga, a zubar da shi yau. A fara kwance notin zubawa na gefe kafin na tsiyayewa na ƙasa, don kada a wayi gari an zubar da mai an kasa buɗe inda za a zuba sabo. Man giya 75W-90 mai lambar GL-4 ya dace da zobban tagulla, kuma ana cikawa har sai ya fara dawowa ta bakin ramin. A duba aksil ɗin baya, da na gaba da akwatin ogzilari (mai raba ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya) idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, domin ruwan da ya shiga ɗaya da wuya ya bar sauran. Idan gunjin bai ragu ba bayan sabon mai, boris ɗin ya riga ya ci, kuma gara a canza shi kafin ɓarɓashinsa ya kai ga haƙoran giya.