Amsa ga Malamar da ke tunanin komawa karatun shugabancin makaranta

Assalamu alaikum. Malama, tun jiya na ga tambayarki, na bari sai da na samu natsuwa domin ba maganar da za a gama a layi biyu ba ce. Kin ce an ba ki muƙamin mataimakiyar shugaban makaranta bayan shekarun da kika yi riƙe da alli, kina so ki koma jami'a ki yi digiri na biyu a fannin shugabanci da tafiyar da sauyi a makarantu, amma wasu sun sare miki gwiwa, wai shugabanci a bakin aiki ake koyonsa, ba a aji ba. Kin kuma tambaya ko karatun zai haɗu da aiki.

Ni na yi wannan karatu ina kan kujerar shugabanci, kuma shawarata ita ce ki je. Sai dai kada ki je hannu rabbana. Ki tafi da wata matsala guda ɗaya ta makarantarku wadda ke hana ki barci. Bari in gaya miki dalilina.

Shekarata ta farko a shugabanci, na lura kowane malami da ya shiga aji sai ya ja ƙofa, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke yi. Akwai masu hazaƙa sosai, akwai waɗanda ke fama, kuma babu hanyar da alherin wannan zai isa ga wancan. Sai na yanke shawarar cewa kowane malami zai riƙa shiga ajin abokin aikinsa sau ɗaya a mako biyu, ya zauna a baya ya kalli darasi, daga baya su tattauna. Na tsara jadawali, na buga takardar da za a riƙa cikewa, na kira taron malamai na karanta musu. Ba wanda ya yi musu. Na ɗauka shirun nan amincewa ce.

Kafin zangon ya ƙare abin ya mutu. Takardun suna dawowa a cike, kowa an rubuta masa "darasi ya yi kyau", alhali na san da yawa ba su ma taka ajin ba. Wani dattijon malamin lissafi, wanda kowa ke jin maganarsa, ya daina gaishe ni da sakin fuska. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yanke musu hukunci a zuciyata cewa ba sa son ci gaba. Da wannan ciwon na shiga karatun.

A zangon farko aka haɗa mu da aikin wata mai bincike, Frances Fuller, wadda tun 1969 ta nuna cewa damuwar malami hawa-hawa take. Da farko kansa yake tunani: me wannan abu zai jawo mini, zan iya kuwa, za a ga gazawata? Sai ya wuce nan yake fara damuwa da yadda zai gudanar da aikin, lokaci da kayan aiki. Can daga baya ne yake kaiwa ga tambayar ko ɗalibai suna amfana. Gene Hall da abokan aikinsa a Jami'ar Texas suka faɗaɗa wannan zuwa matakai 7. Ina karantawa jikina ya yi sanyi. Ni a taron nan amfanin ɗalibai na yi ta zuba musu, su kuwa suna can matakin farko suna tambayar kansu ina takardar nan za ta ƙare, a cikin fayil ɗin wa.

Na je na sami dattijon nan a ɗakin malamai bayan an tashi, na ce, "Malam, don Allah ka gaya mini inda na yi kuskure." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ba ni labarin cewa shekaru kafin zuwana an taɓa kawo irin wannan tsari, aka yi amfani da abin da malamai suka rubuta a kan juna aka ba mutum biyu takardar tuhuma, ɗaya ma aka ɗauke shi daga makarantar. Tun daga ranar suka yi wa juna alkawari ba mai sake rubuta laifin wani. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Abin da na kira taurin kai, riƙon amana ne a tsakaninsu, ni ne ban san tarihin gidan da na shiga ba.

Wannan shi ne babban abin da karatun ya ba ni, kuma shi ya sa ban yarda da masu cewa gogewa kaɗai ta wadatar ba. Gogewa ta nuna mini cewa shirina ya faɗi. Ba ta gaya mini dalili ba. Da an bar ni da ita, da na ƙara matsa lamba ne a zango na gaba, in ƙara takardu, in ƙara barazana, in shekara ashirin ina maimaita kuskure ɗaya ina kiransa ƙwarewa. Na san shugabanni masu kirki da hakan ta faru da su, kuma abin yana ba ni tausayi.

Yanzu ga abin da za ki tarar a cikin kwas ɗin. Kusan ko'ina za a fara miki da Kurt Lewin da matakansa 3 na 1947: a sassauta abin da mutane suka saba, a kawo sabon, sannan a daddale shi ya zauna. Za a kawo John Kotter da matakai 8 da ya shahara da su tun 1996. Ki karanta su da kyau, amma ki riƙe a ranki cewa Kotter daga kamfanoni ya tattaro darussansa. Shugaban kamfani yana iya korar ma'aikaci, ya ɗauko wani, ya ƙara albashi. Shugaban makaranta sau da yawa ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan, da waɗanda ya tarar zai yi aiki, ga iyaye a gefe, ga hukuma a sama, ga jarrabawa da ba ta jiran kowa. Duk malamin jami'ar da ya koya miki waɗannan matakai kamar an saukar da su ne domin makaranta, ki yi masa tambaya cikin ladabi har sai ya sauko ƙasa.

Wanda ya fi shiga raina shi ne Michael Fullan na Kanada, saboda shi a makarantu ya yi rayuwarsa. Ya yi bayanin cewa duk sabon tsari, ko mai kyau ne, sai abubuwa sun ɗan lalace kafin su gyaru, domin mutane sun saki abin da suka iya, ba su kuma ƙware a sabon ba. A wannan kwarin na lalacewa kafin gyaruwa ne yawancin shugabanni ke karaya su janye, ko su ɗauko wani sabon shiri su ɗora a kan wanda bai tsaya ba. Lokacin da na sake gwada shirina, zango na biyu ya zo da gunaguni da ruɗani a jadawali, har wani uba ya zo yana tambayar me ya sa malamai biyu ke aji ɗaya alhali wani aji na zaune. Da ban san da kwarin nan ba, wallahi da na nannaɗe tabarmar.

Yadda na sake shi kuwa, na jefar da takardar cikewa gaba ɗaya. Na ce ba abin da za a rubuta, ba abin da zai zo ofishina. Na nemi mutum uku masu sha'awa kawai. Kuma ni na fara: na karɓi aji ɗaya ina koyarwa, na roƙi dattijon nan ya zo ya kalle ni ya gaya mini gaskiya. Ya zo, ya kuma faɗa mini cewa ina yin tambaya ina amsa wa kaina kafin yara su buɗe baki. Gaskiya ya faɗa. Da labari ya zaga cewa shugaba ya zauna an gyara masa, sai ƙofofi suka fara buɗewa da kansu. Shi ɗin da na ɗauka abokin gaba, shi ya zama jagoran abin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daga baya na ga bincike ya riga ni sanin haka. A 2008 Viviane Robinson ta Jami'ar Auckland da abokan aikinta sun tattara nazarce-nazarce 27 a kan alaƙar shugabanci da sakamakon ɗalibai. Suka gano cewa shugabancin da ya sa ido kai tsaye a kan koyo da koyarwa ya ninka tasirin shugabancin zaburarwa da kyawawan jawabai sau 3 zuwa 4. Abin da ya fi kowanne ƙarfi kuma shi ne shugaba ya shirya wa malamai ƙarin ilimi ya kuma zauna a cikinsu yana koyo tare da su. Anthony Bryk da Barbara Schneider ma, a aikinsu na 2002 a kan makarantun firamare na birnin Shikago, sun nuna cewa makarantun da yarda ta yi ƙarfi tsakanin shugaba da malamai da iyaye su ne suka fi samun ci gaba, inda babu yarda kuwa gyara ba ya kama ƙasa. Kenneth Leithwood da abokansa sun faɗa tun 2004 cewa a cikin abubuwan da ke hannun makaranta, in aka cire koyarwar cikin aji, ba abin da ya kai shugabanci tasiri a kan karatun yara. Don haka kujerar da aka ba ki ba ƙaramar amana ba ce, ta cancanci a je a yi mata karatu.

Wajen zaɓen inda za ki yi, kada sunan kwas ya ruɗe ki. Wasu an rubuta musu "shugabanci" amma cikinsu dokokin aiki ne da kasafin kuɗi da adana fayil. Waɗannan ma ana bukatarsu, sai dai ba su kika ce kina nema ba. Ki nemi jerin darussan ki duba. Ki tambaya ko ayyukan da ake bayarwa suna sa ɗalibi ya koma makarantarsa ya gwada wani abu ya dawo da rahoto. Ki bincika ko cikin masu koyarwar akwai wanda ya taɓa riƙe makaranta. In da hali ki shiga ɗakin karatunsu ki buɗe kundaye biyar na waɗanda suka gama. In kika ga duk take ɗaya ne an sauya sunan wuri, an raba takardar tambayoyi an haɗa alƙaluma an rufe, to kin san irin abin da za a sa ki yi. Ki kuma dubi su wa za ki zauna da su, domin rabin abin da na ƙaru da shi daga abokan karatu ne, shugabannin wasu makarantu da muke baje matsalolinmu ba kunya.

Batun mataki kuwa gajere ne. In kin daɗe rabonki da rubutun jami'a, difloma ta gaba da digiri tana sa hannu ya faɗa. Digiri na biyu shi ne daidai da inda kike. Digirin digirgir ki bar shi tukuna, sai in bincike ko koyarwa a jami'a kike hange.

Haɗa shi da aiki yana yiwuwa, ni ma haka na yi, kuma ina ganin ya fi a ajiye aikin, tun da makarantar ita ce gonar da za ki gwada irin. Amma akwai wahala, ba zan ɓoye miki ba. Lokacin jarrabawar ɗalibanki da lokacin miƙa naki aikin sukan faɗo mako ɗaya. Ki zauna da shugabanki tun kafin ki cike fom, ki gaya masa ranakun da za ki riƙa fita. Ki zauna da mutanen gida su ma, domin daga lokacinsu za ki ɗiba. Awa ɗaya kullum da asuba ta fi mini amfani a kan kwana a kan littafi ranar hutu.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma ya dame ni sosai lokacin kundina. Idan a makarantarku za ki yi binciken, waɗanda za ki yi wa tambayoyi mutanen da ke ƙarƙashinki ne. Malamin da ya san ke ce ke sa hannu a rahotonsa na shekara, da wuya ya ce miki a'a, da wuya kuma ya gaya miki abin da ba kya son ji. Dole ki buɗe musu ƙofar ƙin shiga ba tare da wani abu ya biyo baya ba, ki ɓoye sunayensu, kuma abin da aka gaya miki a matsayin mai bincike kada ya taɓa fitowa daga bakinki a matsayin shugaba. Ni sai da na roƙi wani abokin karatuna ya yi hira da wasu malamaina a madadina, ya kawo mini bayanan ba suna. Abin da na karanta a ciki ya yi mini ɗaci, amma shi ne sashen kundin da ya fi gaskiya.

Kada kuma ki sa ran takardar digirin za ta ba ki ikon da tsari bai ba ki ba. Ba za ta ƙara miki malamai ko azuzuwa ba, kuma a matsayin mataimakiya akwai abin da sai shugaba ya yarda. Na ga waɗanda suka dawo daga karatu da zafin kai, suna jefa sunayen masana a taron malamai, cikin wata uku kowa ya gaji da su. Sunayen nan da na lissafa miki, ban taɓa ambatar ko ɗaya a gaban malamaina ba.

Tun da akwai sauran lokaci kafin a buɗe neman gurbi, ki samu ƙaramin littafi ki fara rubuta abin da kike gani kullum: wane umarni ne aka bayar ya tsaya, wanne ya mutu, wa ake saurare a ɗakin malamai in shugaba ya fita, wane tsari aka taɓa kawowa kafin zuwanki da yadda ya ƙare. Cikin zango ɗaya matsalar da za ki tafi da ita za ta fito fili. In kin ga dama ki gaya mana firamare ce ko sakandare, da kuma abin da ya fi ci miki tuwo a ƙwarya yanzu, sai mu taya ki duba ko zai yi taken kundi. Allah ya taya ki riƙo, ya ba da sa'a.