Tambaya da Amsa: Tela da Alƙawarin Ɗinkin Sallah

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a Zariya, da teloli huɗu a ƙarƙashina. A azumin da ya wuce na karɓi ɗinki fiye da ƙarfinmu, domin ina jin nauyin mayar da mutum da yadinsa, kuma ina bukatar kuɗin kafin alƙalami. Ranar jajibere mutane suka cika shagon, wasu suka karɓi shaddarsu ko yanka ta ba a yi ba, har da wani dattijo da ya shekara goma yana kawo mini ɗinkin gidansa. Tun daga lokacin ciniki ya ja baya. Ta yaya zan dawo da yardar mutane? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, tunda ka fara da amsa laifinka, ba ka ɗora wa ɗauke wuta ko tsadar man janareto ba, to gyaran zai zo da sauƙi. Abin da nake so ka fara lura da shi shi ne, ba ranar jajibere ka saɓa wa mutanen nan ba. Ka saɓa musu ne tun ranar da ka karɓi yadinsu, ka yi musu awo, ka sa musu rana, alhali a zuciyarka ka san hannun teloli huɗu ba zai kai ga wannan aikin ba. Jin nauyin da ya hana ka cewa a'a a farkon azumi, lokacin da mutum yake da damar neman wani tela, shi ne ya bar shi babu kayan zuwa Idi.

Saboda haka gyaran farko lissafi ne. Ka zauna da yaranka ku ƙidaya kaftani nawa kowa yake iya gamawa a yini ɗaya, tun daga yanka har zuwa maɓalli da guga, ba tare da an kwana a shago ba. Ka haɗa da kwanakin da babbar riga take yi a wurin masu aikin wuya, domin wannan lokacin ba a hannunka yake ba. Sannan ka cire wasu kwanaki saboda rashin wuta da lalacewar keke da rashin lafiya, waɗanda babu shekarar da ba sa zuwa. Azumi kwana 29 ne ko 30, ba ya ƙaruwa saboda aiki ya yi yawa. Adadin da ya rage shi ne iyakar abin da za ka karɓa, kuma da zarar ya cika sai ka rufe littafi, ko da mai yadin surukinka ne. Littafin kuwa na gaske nake nufi, mai ɗauke da sunan mai kaya da ranar karɓa da ranar bayarwa da abin da ya biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da wa'adinsa, kuma kuɗin kafin alƙalami nauyi ne a wuyanka har sai ɗinki ya fita.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakanin masu sana'a, wato mayar da "in sha Allahu" mafaka. An umarce mu da faɗinta a Suratul Kahfi domin gobe ba a hannunmu take ba, amma wanda ya faɗe ta da niyyar ƙin cikawa ya haɗa saɓa alƙawari da wasa da sunan Allah. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa saɓa alƙawari cikin alamomi uku na munafunci, tare da ƙarya da cin amana. Malaman Malikiyya ma sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka bar masa, kamar yadda ya zo a littafin fiƙihu na Risala, don haka shaddar da take jibge a shagonka amana ce, ba jari ba.

Wasiƙarka ba ta ambaci wani abu ba, ni kuwa ina ganin shi ne ginshiƙi: alƙawarin da ke tsakaninka da telolinka. Idan ka ce za ka sallame su ranar Alhamis, sai ta wuce ka ce su yi haƙuri, to kai ne ka koya musu cewa rana a wannan shagon magana ce kawai, kuma da wannan darasin za su riƙa amsa wa masu kaya idan ba ka nan. Ka biya su a kan lokaci, sannan ka hana kowa sa wa abokin ciniki rana sai ya duba littafi.

Idan kuma duk da haka wani aiki zai makara, ka kira mai shi tun da sauran kwanaki, kada ka jira ya zo ya tarar, kada kuma ka kashe waya ko ka sa yaro ya ce ka fita. Mutane suna yafe jinkirin da aka sanar da su, amma ɓuya tana sa su ji an raina musu hankali.

Game da dattijon nan, kada ka aika saƙo. Ka taka da ƙafarka zuwa gidansa, ka ba shi haƙuri ba tare da jero uzuri ba, ka mayar masa da kuɗinsa idan akwai saura a wurinka, ka roƙi ya ba ka ɗinki ɗaya a lokacin da babu cunkoso. Ka sa masa ranar Asabar, ka kai masa ranar Juma'a. Mai yiwuwa ba zai dawo da ɗinkin gidan gaba ɗaya nan take ba, kuma yana da hujja. Zai so ya ga yadda za ka yi da Babbar Sallah tukuna.