Amsa ga ɗan'uwanmu da fitilun gidansa na LEGO suka ƙi zama lafiya

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka tun da safe, na so in bari sai dare in amsa amma zuciyata ta ƙi, domin abin da ka rubuta kamar ni na rubuta shi. Ka ce ka gina gida mai hawa biyu, ka jera ƙwayayen fitilar LED masu canza launi na WS2812B guda 48 a ɗakuna da baranda, ka haɗa da Arduino Nano, ƙaramin allon da ake rubuta wa kod ya sarrafa fitilun, kana ba shi wuta daga kwamfutarka. Da ka sa fari sai su riƙa ƙyaftawa, Nano ɗin ya mutu ya tashi, na can ƙarshe su yi ja-ja, yanzu kuma ƙwan farko ya daina ci gaba ɗaya kuma duk na bayansa sun bi shi. Har kana tambaya ko ka cire komai ka sayi fitilun da ake sayarwa a haɗe ka huta.

Don Allah kada ka cire. Kuma ka daina wahalar da kanka da sake rubuta kod, na ga ka ce ka kwana biyu a kansa. Kod ɗinka lafiyarsa lau. Yunwa ce ke damun fitilunka. Kowane ƙwai ɗaya yana da ja da kore da shuɗi a cikinsa, kowanne na jan kusan 20mA, to idan ka ce fari ka buɗe haske duka, ƙwai ɗaya ya kai 60mA ke nan. Ka ninka sau 48, ka tasam ma 3A. Ramin USB na kwamfuta kuwa, irin na da, 500mA yake bayarwa. Ina 500 ina 2,880? Shi ya sa da ka kunna fari wutar ke faɗuwa, Nano ya suma ya farfaɗo. Ja-jan da kake gani a ƙarshen layi ma daga nan ne: wuta na raguwa a cikin siririyar waya, shuɗi da kore su ne suka fi buƙatar ƙarfi, su suke fara dusashewa, ja ya rage shi kaɗai. Ka nemi adafta ta 5V mai 4A, ko a ƙalla 3A, ka kai wutarta kai tsaye ga fitilun, kada ta ratsa ta cikin Nano. Sannan baƙar wayar adafta da GND na Nano, wato ƙafarsa ta negatif, lalle su haɗu. Mutane da yawa a nan zauren sun sha wuya a kan wannan baƙar waya ɗaya.

Amma ka ji maganar adaftar nan, ka ji ta da kyau, domin a nan aka gama da ni.

Wasu daga cikinku sun tuna tashar jirgin ƙasan da na riƙa sa hotunanta a nan. Ba saiti ba ne, daga kaina na zana ta a Studio, manhajar zana ginin LEGO a kwamfuta, na riƙa tara bulo kaɗan-kaɗan, wasu na gwanjo, wasu ta BrickLink, kasuwar bulon LEGO ta intanet, idan an samu mai zuwa daga waje ya riƙo min. Na yi mata dandamalin jiran jirgi, da ɗakin sayar da tikiti, da hasumiyar agogo, da fitilar sigina mai canzawa daga ja zuwa kore idan jirgi ya taso. Na sa ESP32, wani allon sarrafawa irin Nano, a ƙarƙashin dandamali, na tsara ta yadda da magariba ta yi fitilun ɗakuna za su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, ba gaba ɗaya ba, kamar dai akwai mutane a ciki. Dare nawa na yi ina liƙa wayoyi da dalma, idona na ruwa saboda hayaƙi, Allah kaɗai ya sani.

Sai wani bawan Allah da muke mutunci da shi ya zo gida ya gani. Ya ce zai buɗe sabon shago, yana so in ba shi aro ya ajiye a cikin gilashi ranar buɗewa don jan hankalin mutane. Na yi ta kewaye-kewaye, ya yi ta magiya, har ya haɗa ni da wani babba da ba zan iya ce wa a'a ba. Na kai masa da kaina. Na kai da adaftarta, na naɗa mata jan salatif, na rubuta 5V da manyan baƙaƙe a jikinta da kuma jikin ramin da ake sokawa. Na riƙe hannunsa na nuna masa, na ce Alhaji, wannan kaɗai za a soka, ko ta ɓata kada a sa wata, a kira ni ko ƙarfe nawa ne. Ya ce haba, kada ka damu.

Ranar da na je ɗauka, tun daga bakin ƙofa na ji ƙauri. Kun san warin nan na allon lantarki idan ya ƙone, wanda ke maƙalewa a maƙogwaro. An tura tashar can gefe a ƙasa, kusa da kwalaye, an ɗora mata ledar ruwa a kan rufi. Adaftata babu ita. Wadda ke soke a jiki ta na'urar intanet ce, 12V. Bakinsu iri ɗaya ne, mai zagaye, milimita 5.5 da 2.1, shi ya sa ta shige ba gardama. Fitilun da aka yi don 5V an ɗura musu 12V. Ban samu ƙwai ko ɗaya mai rai ba. ESP32 ya tafi. Inda allon yake, bulo biyu sun lanƙwashe sun manne da juna, domin robar ABS da ake yin LEGO da ita tana fara laushi da zafi ya wuce digiri 100 kaɗan. Farin bangon ɗakin tikiti ya yi baƙin tabo daga ciki.

Ba ƙonewar ce ta fi ci min rai ba, wallahi. Kaya ai yakan lalace. Abin da ya tsaya min shi ne yadda ya dube ni. Na ce Alhaji me ya faru, ya ce shi bai sani ba, wai tun da na kawo ta ba ta aiki sosai. Ni da na kunna ta a gabansa, ya ɗauki bidiyo da wayarsa yana ta mamaki! Da na nuna masa adaftar sai ya ce yara ne, da na ce ina tawa sai ya ce a duba. Daga ƙarshe ya yi dariya a gaban yaran shagonsa ya ce, "To ai kayan wasan yara ne, nawa ne gaba ɗaya?" Ya zaro kuɗin da ko ESP32 ɗin ba za su saya ba ya miƙo min. Ban karɓa ba. Na tattara tashata a kwali na hau adaidaita, hasumiyar ta karye a hanya, ina riƙe da guntayen a cinyata. Har yau bai ce min yi haƙuri ba. Muna haɗuwa a ɗaurin aure, ya miƙo hannu kamar babu abin da ya faru, ni ma in miƙa, amma Allah ya ga zuciyata. Kalma ɗaya nake nema a wurinsa, ba kuɗi ba. Kuma ita wannan magana ta kayan wasan yara, duk wanda ke zauren nan ya sha ta, daga gida ko daga abokai, amma jin ta a kan gawar aikinka wani abu ne daban. Na daɗe ban buɗe kwalin ba. Uwargida ce ta matsa min, ta ce ko don yaran da ke tambaya ina jirgi.

Shi ya sa nake roƙonka, da ka sayi adaftar, kada ka sa wa gidanka ramin nan mai zagaye. Sa masa USB-C, domin caja ta USB 5V take fara bayarwa, sai na'ura ta nemi ƙari take ƙarawa. In kuwa dole sai mai zagayen, ka sa ƙaramin allon rage wuta irin LM2596 a tsakani, ka saita shi a 5V, ko an soka 12V shi zai tare. Kuma kada ka ba da aro. Wanda ke son gani ya zo gida, ko ka bi kayanka ka tsaya a kai.

Na dawo kan ƙwanka na farko da ya mutu. Su waɗannan fitilu saƙo daga hannu zuwa hannu yake tafiya, na farko ya karɓi nasa ya miƙa wa na biyu, to in na farko ya mutu duk sauran sai su yi shiru ko da lafiyarsu ƙalau. Kada ka zubar da su. Yanke na farkon, ka mayar da wayar data, wato mai kawo saƙon daga Nano, kan DIN na na biyu, inda saƙo ke shiga, ka duba kibiyar da ke jikin layin kada ka juya ta. In sha Allahu 47 ɗinka suna nan da rai. Abin da ke yawan kashe na farko shi ne data ta iso masa alhali ba shi da wuta, ko kuma bugun wuta lokacin sokawa. Maganinsa rezista mai 330 ohm, ko 470, a kan wayar data dab da ƙwan farko, da kafasita mai 1000µF tsakanin ja da baƙa a inda wuta ke shiga. Ka lura da ƙafafun kafasitar, gefen da ke da zane shi ne na baƙar waya, in ka juya tana iya fashewa. Duka biyun wurin masu gyaran rediyo da talabijin za ka samu, ko a jikin tsohon allo ka cire.

Wani abu kuma, kai me za ka yi da cikakken haske a cikin ɗakin da faɗinsa bai wuce ɗan yatsa ba? Ni yanzu ba na wuce 40 ko 50 cikin 255, wanda shi ne cikakken haske a kod. Ya fi kyau a ido, ya fi kyau a hoto, bulo ba ya ɗumi. In FastLED, laburaren kod na sarrafa waɗannan fitilu, kake amfani da shi akwai layin setMaxPowerInVoltsAndMilliamps, ka rubuta masa 5 da adadin da adaftarka za ta iya, shi zai riƙa rage haske da kansa kafin a kai ga matsala. Da ma wannan kaɗai ka sa, da ko a USB ɗin kwamfutar za su ci, sai dai a dusashe. Farin WS2812B kuma yana da shuɗi-shuɗi mai sanyi, bai kama da gidan da mutane ke ciki ba. Ka rage shuɗin sosai ka ɗan rage kore, za ka samu launin ƙwan fitila na da. In kana da hali nan gaba ka nemi SK6812 mai farin ƙwai na huɗu a ciki, shi ne nake so a ɗakunan kwana.

Ka ce na ƙarshe suna ja. Bayan adafta, ka ja wasu wayoyi biyu masu ɗan kauri daga ita zuwa hawa na biyu, wuta ta shiga ta kai da ta wutsiya. Siririyar wayar nan mai fenti ta cikin tsohuwar taransifoma tana da daɗin ɓoyewa, tana bi tsakanin bulo da bulo ba tare da ta ɗaga su ba, amma ka bar ta wa data da ƙwai ɗaya ko biyu. Babbar wuta a ba ta hanya ta cikin bulon Technic mai huda, ramin ya kusa milimita 5, wayoyi uku suna wucewa a sake. Ni ba na huda bulo kuma ba na sa gam, na san akwai masu yi a nan, ba faɗa nake ba, amma bulo na asali ya yi tsadar da ba zan iya sa masa wuƙa ba. Kuma ka raba hawa da hawa da ɗan soket mai ƙafa uku, yadda za ka ɗaga saman gidan ba tare da ka tsinke komai ba. Da tashata na da wannan, da gyaranta bai sa na rushe rabin ginin ba.

Farin bango da rawaya suna zubar da haske, ka sani ko? Da dare sai ka ga duk ginin yana ci kamar fitilar ƙwai, har ta tsakanin layukan bulo. Ka yi bango biyu, na ciki baƙi, ko ka liƙa baƙin salatif ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Sannan ka nisantar da shi daga taga, rana na mayar da farin bulo ruwan ƙasa, ga ƙurar hunturu da ke shiga kowane lungu. Buroshin kwalliya na mata shi ne ya fi min komai wajen share ƙura, ba ya karce gilasan tagogi.

Su fitilun da ake sayarwa a haɗe da kake tunani, ba na kushe su, suna da kyau ga wanda ya sayi saiti yana son ya haska shi kawai. Amma an auna su ne a kan saitin kamfani, gidanka kuwa babu irinsa a ko'ina, wayoyinsu ba za su kai inda kake so ba, kuma yawancinsu kunnawa da kashewa ne da 'yan salo kaɗan. Kai da ka riga ka iya sa fitilar baranda ta kama ita kaɗai, ba za ka ji daɗinsu ba. In rubuta kod ne ya gundure ka, ka koma ESP32 ka sa masa WLED, shiryayyar manhajar sarrafa fitilu, daga wayarka za ka raba fitilun ɗaki-ɗaki, kuma yana da wurin rubuta iyakar wutar da adafta ke bayarwa. Sai dai shi ESP32 3.3V yake fitarwa a data, fitilun kuwa sun fi son abin da ya kai 3.5V, wani lokaci a dace wani lokaci su riƙa hauka da launuka. Ɗan guntun 74AHCT125, mai ɗaga data zuwa 5V, a tsakani yana kashe wannan magana. Nano ɗinka ba shi da wannan matsalar tunda shi 5V ne, don haka kada ka yi gaggawar canja shi yanzu.

In an ɗauke wuta kuma kana son nuna wa baƙi, fawa banki na iya riƙe shi matuƙar ka rage haske, amma wasu suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, kada ka ɗauka wani abu ne ya sake lalacewa. Kuma kada ka bar shi a soke lokacin da ake tayar da janareta.

Ka ɗauko hoton yadda ka haɗa wayoyin a ƙarƙashin gidan, musamman wajen GND da ƙwan farko, ka sa a nan kafin ka sake ba shi wuta. In kana da mita ka auna tsakanin ja da baƙa a ƙwai na ƙarshe lokacin da suke ci, ka faɗa min nawa ta nuna. Ina nan har bayan isha'i, zan duba.