Tsohuwar kwamfutar ofis da aikin girafik: da wane gyara za a fara?

Tambaya: Ina da shagon buga katin biki da fosta a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Kwamfutoci uku gare ni, duka Dell OptiPlex 7010 masu ƙaramin gida, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5, ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta) gig 4. Da an buɗe babban aiki a CorelDRAW ko Photoshop sai su riƙa maƙalewa. An ce in sayi katin girafik, wato na'urar da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo. Shin shi ne maganin?

Amsa: Malam, kada ka fara da katin, zai ci kuɗinka matsalar tana nan. Ka buɗe aikin da ke maƙalewa, ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. A irin kwamfutarka kusan kullum za ka tarar ram ya cika, dis (ma'ajiyar fayiloli) kuma yana kan kashi 100. Idan ram ya cika, Windows kan juye rarar aikin a kan dis, shi kuwa tsohon dis mai juyawa ba ya da saurin ɗaukar wannan lodi. Nan ne maƙalewar take.

Saboda haka SSD, wato dis mai sauri wanda ba ya juyawa, shi ne farko. Ka nemi na SATA, inci 2.5, gig 256, ko 512 in aljihu ya yarda. Yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, tsohon kuwa da ƙyar yake wuce 150. Ka jona shi a wayar da tsohon yake, ka ɗora sabuwar Windows mai bit 64. Wannan ba abin wasa ba ne: mai bit 32 ba ta ganin fiye da gig 4 na ram, ko nawa ka ƙara. Tsohon dis ɗin ka sa shi a gidan USB ya zama ma'ajiyar ayyukan kwastomomi, kuma kada ka bari SSD ya cika maƙil, domin Photoshop na buƙatar fili a kansa yayin aiki.

Sai ram, inda mutane suka fi yin asara. Naka DDR3 ne, dogon na tebur, ba gajeren na laftof ba. Ka duba takardar da ke jikinsa: PC3-12800U ake so. In ka ga R a madadin U, na saba (server) ne, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, kwamfutar ba za ta ma tashi da shi ba, ga shi kuma ya fi araha, shi ya sa ake yawan faɗawa tarkonsa. Ka sayi guda biyu masu gig 8 iri ɗaya, ka sa su a ramuka masu launi ɗaya don su yi aiki tare. Gig 16 ya wadatar da aikin fosta da bana. Ko a nan Katsina ka saya ko a titin Beirut a Kano, a gwada a gabanka.

Kati kuma sai in kana haɗa bidiyo ko zanen 3D, don CorelDRAW ya fi dogara da furosesa da ram. Akwatin wutar wannan kwamfuta wat 240 ne kacal, ba shi da wayar ciyar da babban kati, gidan kuma siriri ne. Gajeren kati mai cin wuta kaɗan ne zai shiga: GT 1030 mai wat 30, ko Quadro P620 mai wat 40, sai dai Quadro ɗin yana buƙatar adafta kafin ya haɗu da allo. GT 1030 iri biyu ne, ka tabbatar an rubuta GDDR5 a matsayin irin ram ɗinsa, mai DDR4 ya yi ƙasa sosai a sauri. GT 710 kuwa ka bar shi a kanti. Bayan an sa, a mayar da wayar allo jikin katin, in ba haka ba zaman banza yake.

Kada ka manta da ƙurar hunturu da zafin bazara. Furosesa in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu. Ka cire wuta, ka hure fanka da bulowa kana riƙe da ita kada ta juya, ka goge tsohon man da ke kan furosesa mai taimaka mata fitar da zafi ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. UPS, mai riƙe kwamfuta da batir in an ɗauke wuta, ma ya zama dole, don ɗaukewar wuta ana cikin ajiye aiki na lalata fayil.

Ka fara da kwamfuta ɗaya: SSD da gig 16, ka yi mako guda kana buɗe manyan ayyukanka a kanta, sannan ka sayo na sauran biyun.